Majo Salifu da Agogon Ƙirjina

Ina kan keken ɗinki da hantsi matata Hadiza ta kira ni ta ce Majo Salifu ya rasu. Na cire ƙafa daga keken, shagon ya yi tsit, ba abin da nake ji sai ƙas-ƙas ɗin ƙirjina. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Wanda bai san ni ba, ni ne telan da aka yi wa aikin zuciya aka saka masa murfin ƙarfe. Mai irin wannan murfi zai sha ƙwayar tsinka jini har ƙarshen ransa. In jinin ya yi kauri ya daskare a kan ƙarfen, in ya tsinke da yawa ɗan yanka ma sai ya ƙi tsayawa. Majo Salifu, babban ma'aikacin jinya a nan Dogon Dutsi, shi ke duba awon jininmu, ya yi waya da likitan zuciya a Yamai, ya gaya mana ko a ƙara ƙwaya ko a rage. Sunan da ya sa mini Mai Agogo, don ƙas-ƙas ɗin da murfin ke yi. Duk ranar da na makara sai ya ce, "Kai da ka yawo da agogo cikin ƙirji, mi ya hana ka zuwa kan lokaci?"

Da na ji ganye na rage ƙarfin maganin, sai na daina cin kopto, kwaɗon zogalen da nake mutuwar so. Majo ya yi mini dariya har da hawaye. "Wa ya ce ka bari? Ci abinka, amma na yau shi zam daidai da na jiya."

Abin da ba zan manta ba ya faru a Kieshe, garinmu. Na je gida kaina na ciwo, mahaifina ya ce mataccen jini ne, ya aika aka kira wanzami ya yi mini ƙaho. Na san tsagar aska na iya zama ajalina, amma ban taɓa musa wa Baba ba. Hadiza ce ta zagaya bayan rumbu ta buga wa Majo waya. Ta yi ta jan wanzamin da fura da gaisuwa har muka ji ƙarar babur.

Majo bai yi faɗa ba. Ya durƙusa ya gaida Baba, ya tambayi gero, sannan ya ce, "Baba, jinin wanga yaro mun riga mun tsinka shi da magani. In anka tsaga, ba ya tsayawa."

Baba ya ɓata rai ya ce, "To, wanzami shi koma hakanan? Ni na kira shi."

"Ina shi ka komawa? Ga aiki," in ji Majo, ya tuɓe hula ya zauna kan tabarma. Kansa kuwa sanƙo ne, gashin bai fi na gefen kunne ba. Wanzamin ya dubi kan, ya dubi askarsa, Baba ya fashe da dariya har da tari. Aka aske abin da ya samu, Majo ya goya ni a babur zuwa awo. Ashe jinin ya tsinke fiye da kima, aka rage mini ƙwaya.

A zaman makoki, bayan an shafa addu'a wuri ya yi shiru, sai ga ƙas-ƙas daga ƙirjina. Babban ɗan Majo da ke gefena ya yi murmushi cikin hawaye, ya ce, "Agogon Baba na nan na aiki." A nan ne kuka ya ƙwace mini.

Allah ya jiƙan Majo Salifu, ya yafe masa, ya haskaka kabarinsa. Allah ya ba iyalinsa haƙuri, ya raya abin da ya bari. Mu da ya bari da agogo a ƙirji, Allah ya sa kowane bugu ya zama lada a mizaninsa. Amin.