Zuwa Takieta Washegarin Zaɓen Amirka

Zinder

Da aka idar da sallar asuba na nufi tasha. Fanna, tsohuwar ɗalibata a lise, wato sakandare, ita ta gayyace ni ƙaramin gidan rediyon da take aiki a Takieta, in ba manoma tarihin yaƙin neman zaɓe a Amirka, tunda jiya suka jefa ƙuri'a. Shekaru na yi ina koyar da tarihi, ban ji ɗar ba.

Na sha shayi da burodi a tsaye, na samu gaban mota. Da na faɗa wa direba Lawali abin da zai kai ni, sai ya kira ni da sunan da ake kiran malaman boko, ya ce, "Mushe, su ma suna raba atamfa da sukari?"

Na ce a da ɗan takararsu ma ba ya fita, a ƙofar gida yake zama, jama'a su zo, ƴan jarida su kai maganarsa gari-gari. Daga baya suka koma jawabi daga bayan jirgin ƙasa, sai rediyo, sai talabijin.

Kan hanya

A shingen jandarma aka duba takardunmu, ba a ɓata mana lokaci ba. Dammunan hatsi jibge a gonaki, amalanke na ta jigila. Kilomita hamsin ɗin nan da gardama muka cinye su.

Takieta

Da hantsi na tarar da Fanna a ƙofa, fuska ba walwala. Darakta, Alhaji Ari, na riƙe da waya. Wani saƙo ke yawo cewa an gama, wane ya ci.

Ya ce, "Ki karanta yanzu, kafin wasu su riga mu."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ba a gama ƙirga ba."

"In ba ki iya ba, akwai masu son kujerar."

Na roƙe shi ya bar ni in fara magana. Da aka buɗe mana makirufo, na ba da labarin wata babbar jaridar Amirka da ta yi gaggawa, ta buga da manyan baƙaƙe cewa shugaba mai ci ya faɗi. Gari ya waye shi ya ci. Ya ɗaga jaridar sama yana dariya, aka ɗauki hoto. Har yau da wannan hoton ake tuna ta.

Sai Fanna ta matso, ta ce: "Jama'a, saƙon da ke yawo mun gan shi. Ba mu tabbatar ba, ba za mu faɗa ba."

Waya ta yi ta ƙara. Wasu suka ce tsoro ne. Wani dattijo daga ƙauye ya ce, "Ƴata, ranar da kika ce mana ruwa na tafe, zan yi shuka."

 Da azahar Alhaji Ari ya sa aka kawo dambu da fura, ya tura kwano gabanta, ya ce gobe ma ita ce da labarai.

Gida

Kafin magariba na sauka Zinder, can Amirka kuwa ana ta ƙirga. Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya, na gode wa mutanen Takieta. A aji Fanna ba ta cika ɗaga hannu ba. Yau ni na zauna ina saurare.