Inda Aka Juya Fuskar Ƙanena

Ƙanena ya shiga soja da sunan da ba nasa ba. Haka yara da yawa suka yi a lokacin, don kada iyaye su bi su bariki su karɓo su. Da aka kai su yaƙin Bama bai dawo ba, kuma ba mu san sunan da za mu nema a takardun gwamnati ba. Shekara bakwai mahaifiyarmu tana zaune a gidanmu na Kawo ba ta san ko an yi masa salla ba.

Ina akawu a wani ofishin gwamnati aka ɗauki sabon masinja, tsohon soja. Ya ji labarin a bakin abokan aiki, ya same ni ya ce ya san yaron, shi ne ma ya binne shi. Na kai shi gida, daga nan ya zama baƙonmu na kowace Juma'a. Inna takan zauna a bakin zaure ta ciki, shi yana cin tuwo yana ba ta labari.

Tun farko na lura ba ya faɗin wani abu game da yaron sai wanda Inna ta riga ta ambata. In ta ce yana da wushirya, mako mai zuwa sai wushiryar ta fito a labarinsa. Amma ta samu abin da take nema. Ya ce su huɗu suka yi masa salla, suka kwantar da shi a kan dama, fuskarsa na kallon mafitar rana. Ta sa ya maimaita wannan sau da yawa, kuma tun daga lokacin ta fara cin abinci sosai.

Akwai taswirar duniya a bangon ofishinmu. Wata rana ina jiran sa hannu na tsaya ina dubanta, sai na ga Bama tana can gaba da Makka. Wanda ke can, alƙiblarsa tana wajen faɗuwar rana. Na tambayi wani tela da ya yi yaƙin, ya ce haka suke salla, har da farko abin ya dame su. Ke nan ko masinjan bai taɓa zuwa Bama ba, ko kuwa sun binne ƙanena ya ba alƙibla baya.

Na tare masinjan a rumfar ajiye kekuna na gaya masa. Bai yi gardama ba. Ya ce dajin can duhu ne, sai a yi kwanaki ba a ga rana ba, kuma shekaru sun ja. Na nemi ya nuna mini takardar sallamarsa daga soja, ya ce gara ta cinye. Na yanke shawarar ba zan gaya wa Inna komai ba, amma ban yi tunanin in ce masa ya yi shiru ba.

Ran Juma'a, ba tare da an tambaye shi ba, ya sake kawo zancen jana'izar, ya ce sun juya fuskar yaron wajen faɗuwar rana.

Inna ta ce, "Yamma? Ba haka ka faɗa mini ba."

Ya nuna ni ya ce, "Inna, tambayi Malam, shi ya san ƙasashen."

Dole na yi magana. Na zana mata ƙasarmu da Makka da Bama a ƙasa da tsinke, na ce gaskiya ne, daga can yamma ake kallo. Ta daɗe tana duban zanen, sannan ta dube ni.

Ta ce, "Kai ka gaya masa, ko shi ya gaya maka?"

Na ce ni ne. Ta tashi ta shige ciki.

Masinjan bai sake zuwa gidan ba, ko da yake mun yi shekara uku muna aiki tare. Inna ta koma aikena wurin duk tsohon sojan da ta ji labarinsa, daga Kawo har Kinkinau, in tambaye shi ko ya san wani yaro da ban san sunan da yake amsawa ba.