Yaya Hadiza da Masu Kiwon Namun Daji

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayata Hadiza, amma har yau in na ratsa wajen masu fata a Kasuwar Kurmi, sai na gamu da dattijon da zai tsayar da ni ya yi mata addu'a.

A Jakara aka haife mu. Mahaifinmu fatun mesa da na guza yake saye, ya ba dukawa su ɗinka jakunkuna da takalma. Da Yaya ta karanci tattalin arziki a jami'a, sai ta zaɓi ta binciki inda fatun ke fitowa. Ta riƙa shiga ƙauyuka tana zama da iyalan da ke rufa wa kansu asiri da farauta da sayar da namun daji idan rani ya tsananta, rumbu ya yi ƙasa.

Abin da ta gano bai yi wa Baba daɗi ba. Ta gaya masa manyan dabbobin sun kusa ƙarewa, ƙanana ake kamowa tun ba su hayayyafa ba, kuma mafarauci, wanda ya fi kowa shan wahala, shi ya fi kowa ƙarancin samu. Baba ya ɗauka tana zargin sana'ar da ya ciyar da mu da ita. Ya yi makonni ba ya amsa gaisuwarta sai da ka.

Ba ta yi musu da shi ba. Ta dai roƙe shi ya raka ta ƙauye sau ɗaya, ni kuma na tuƙa su. A can ta haɗa shi da Malam Sale, mafaraucin da fatunsa suka daɗe suna isowa rumfarmu ta hannun dillalai, alhali ba su taɓa ganin juna ba. Malam Sale ya ce abin da mahaifinsa ke samu a bayan gari, shi sai ya kwana a daji, wani lokacin ma ya dawo hannu rabbana. Da muka kamo hanyar Kano, sai Baba ya dubi Yaya.

"To Hadiza, yanzu me za a yi?"

"A gwada kiwo, Baba. In suna samu a gida, daji zai huta."

A gidanmu aka fara gwajin. Ta gina ɗan keji a bayan gida ta zuba guzaye, har wata rana ɗaya ya kuɓuce ya shige kicin, Inna ta fito da ludayi a hannu tana salati. Kiwon guza bai yi ba, domin abincin da yake ci ya fi amfaninsa. Yaya ta ji zafin hakan, amma ta faɗa a fili a rubutunta, duk da wasu abokan aikinta sun so ta sassauta. Zomaye da zabi ne suka karɓi matan ƙauyen. Baba da kansa ya saya musu na farko, shi kuma a hankali ya koma harkar fatar akuya.

Nakan yi tunanin abin da za ta ce yau. Wasu dazuzzukan da take shiga ba sa shiguwa saboda rashin tsaro, ga samari suna tallan barewa da kunkuru a waya. Na san ranta zai ɓaci, amma ba za ta zage su ba. Nemo su za ta yi, ta zauna ta ji abin da ya kai su.

Rubuce-rubucenta na nan, ban san ko mutum nawa ke karantawa ba. Amma bara Talatu, matar Malam Sale, ta zo Jakara gaishe da Baba, wanda yanzu ba ya fita. Ta ce mata daga ƙauyukan maƙwabta suna zuwa gidanta koyon kiwon zomo, kuma kowace takan tafi da macen zomo ɗaya kyauta. Na tambaye ta dalili.

"Malama Hadiza ce ta ce kada mu mayar da kowa hannu biyu babu komai," in ji ta.

Baba ya sa ta maimaita masa maganar, saboda kunnensa ya yi nauyi. Da ya ji, sai ya juya fuskarsa bango, ya daɗe bai juyo ba. Allah ya haskaka makwancinki, Yaya.