Ƙeyata Ce Ta Bugi 'Yata

Assalamu alaikum Edita, da ku masu karatu. A lokacin da wannan abu ya same ni, ni mace ce mai ɗinki a cikin garin Daura, keken ɗinkina yana gindin darbejiyar tsakar gida, ina da 'ya'ya uku. Biyu maza ne, sun tasa, sai ƙaramar, mace, wadda ko firamare ba ta shiga ba. Duk unguwarmu an san ni da kaffa-kaffa a kan yara. Ba na ajiye ruwan zafi a ƙasa, ba na barin rijiya a buɗe, ko allura ta faɗi sai na tsayar da aiki na nemo ta. Maƙwabta har tsiya suke yi mini, wai wata rana sai na saka 'ya'yana a kwalba na rufe. Na fara da wannan ne don kada wani ya karanta ya ce ai sakaci ne irin na wasu matan, shi ba zai same shi ba.

Maigidana ɗan kasuwa ne, yana sayo gyaɗa da gero a Mai'adua ya kawo Daura. Da Allah ya ɗan buɗa masa, sai ya sayi mota 'yar Kwatano wadda ta riga ta bi hannu biyu ko uku kafin ta zo gare mu. Injinta lafiya lau, amma kujerar gaba ta gefen direba, wato tawa, tana da matsala. Idan na jingina da ƙarfi sai na ji wani ƙaras a ƙasa, majinginar ta ɗan sulale baya. Ya kai wa mai walda ya ɗan taɓa, ta yi kamar ta gyaru, bayan 'yan makonni ta koma halinta. Ya ce idan kaka ta yi zai je shagon wani Ibo mai sayar da kayan mota ya sayo wata ɗungurungum. Kaka ta zo ta wuce. Ni kuwa na saba da ita, na koyi yadda zan zauna ba tare da na danna ta ba, har mukan yi dariya idan ta yi ƙarar nan, ya ce motar ma ta san na ƙara ƙiba.

Abin da ni ya dame ni daban ne. Yarinyar nan ta saba zama a cinyata a gaba, tana kallon hanya tana lissafa jakuna da raƙuma. Wata rana na ji a rediyo ana cewa gaban mota ba wurin yaro ba ne, idan aka taka burki da ƙarfi zai iya fita ta gilashi. Tun daga ranar hankalina ya ƙi kwanciya. Na ce daga yau baya za ta riƙa zama. Ta yi kuka, babanta ya roƙe ni in bar ta, ya ce ai a hankali yake tuƙi, na ƙi. Na zaɓa mata wuri daidai bayana, don in riƙa miƙa hannu ta gefen kujera ina kama ƙafarta ina jin tana nan.

Ranar da abin ya faru za mu Zango ne, bikin sunan jaririn ƙanwata. Na ɗinka wa yarinyar riga da ragowar atamfar da na saka, ta yi ta juyi a gaban madubi. Mun fita da hantsi, mun bar gari, hanya ba cunkoso. Can sai wani mai babur da ya ɗauko buhuna ya fito daga hanyar gona ya tsallako titi ba tare da ya waiwaya ba. Maigida ya taka burki, ya tsaya cak, bai taɓa shi ba. Har na buɗe baki zan ce alhamdulillahi sai wata akori-kura da ke biye da mu, cike da gero, ta daki bayanmu. Ban ga komai ba. Na dai ji wancan ƙaras ɗin, amma wannan karon ya zo da ƙarfi kamar an karya itace, sai na tsinci kaina a kwance ina kallon rufin mota. Bel ɗina yana ɗaure, amma bai riƙe ni ba, don baya na tafi ba gaba ba. Kaina ya bugi wani abu. Na ɗauka kujerar baya ce.

Maigida ko ƙwarzane bai yi ba. Shi ya fito ya zagayo yana salati, ya ja ni gefe, ya ciro yarinyar daga ƙarƙashin majinginar. Ba ta kuka. Wallahi da ta yi kuka da na fi samun sauƙi. Jini yana fita ta hancinta, idonta a rufe, rigar nan duk ta ɓaci. Direban akori-kurar yana ta rantsuwa cewa burkinsa ne ya ƙi kamawa saboda nauyi, ba wanda ya saurare shi. Wani bawan Allah ya tsaya da motarsa ya mayar da mu Daura, ina rungume da ita ina kiran sunanta, ina hura mata iska a fuska kamar hakan zai yi wani abu. A asibiti suka duba ta suka ce sai Kano.

A Kano ne likita ya tambaye mu mene ne ya buge ta a goshi, don ƙashin wurin ya tsage, kuma ba alamar gilashi ko ƙarfe. Maigida ya sunkuyar da kai. Na dube shi, na sake duban likitan, sai hannuna ya tafi da kansa ya shafa ƙeyata, inda tun a hanya nake jin zugi ban kula ba. Wurin ya kumbura kamar ƙwallon goruba. Nan na gane abin da ya buge ta. Na fita baranda na zauna a ƙasa, don na kasa zama a kan benci mai jingina.

Allah ya tashi kafaɗunta. Mun daɗe a asibiti, ta farfaɗo, ta gane mu, ta dawo gida. Amma maganarta ta yi nauyi, hannunta na dama kuma ba ya riƙe abu sosai, da hagu ta koyi rubutu. Surukata ta ce in daina cin raina, ƙaddara ta riga fata, kuma na yarda da hakan. Maigida ya ce laifinsa ne da ya yi ta ɗaga sayen kujera, ya sayar da motar, bai sake sayen wata ba. Ba mu taɓa yin faɗa a kan zancen ba, sai dai kowannenmu yana kauce masa kamar garwashi. Ni dai har yau ban san zama ba. Ina cikin ɗinki sai na miƙe na leƙa ɗaki, na dawo, na sake miƙewa. A tasha kafin in shiga mota sai na kama kujerar da ke gabana na girgiza ta, na girgiza wadda zan zauna, 'yan kamasho suna kallona suna cewa Hajiya lafiya kuwa. Idan na ji ta yi motsi, sauka nake yi in jira wata motar, ko da rana za ta faɗi.

Kwanakin baya ina yi mata kitso ta shafa tabon goshinta, ta tambaye ni wai me ya buge ta ranar nan, don 'yan ajinsu suna tambayarta. Na ce mata mota ce. Ta ce ai ta san mota ce, amma wane wuri na motar. Na ce ta riƙe kanta da kyau kada kitson ya karkace. Na san za ta sake tambaya, kuma na san wata rana dole in faɗa mata, amma ban san da wane baki ba.

Abin da na koya shi ne, tsoron da nake da shi bai isa ba, tunda na kai shi ga abin da na ji a rediyo na bar wanda nake ji da kunnena kullum a ƙarƙashina. Har yanzu ina cewa a zaunar da yara a baya, wannan gaskiya ne. Amma 'yan'uwana iyaye, ku dubi kujerar da ke gaban yaron. Idan tana sulalewa, ko tana ƙara, ko an taɓa yi mata walda, ko an tokare ta da katako ko jarka kamar yadda nake gani a motocin haya, kada ku ce sai kaka, kada ku saba da ita. A canza ta, kafin nan kuma kada kowa ya zauna a kanta ko a bayanta. Masu motar haya, ku ji tsoron Allah, ran mutane kuke ɗauka. Ni da jikina aka ji wa 'yata ciwo, ina zaune ina riƙe da ƙafarta. Allah ya tsare mu, ya tsare mana zuri'a.