Mai giyar da ya shinshina turarena

Jiya wani dattijon Bature ya shigo shagona a Deira, ya buɗe kwalbar turarena, ya shinshina, ya lumshe ido. Ya ce wannan haɗin ya daɗe a ajiye. Isufu maƙwabcina, ɗan Maraɗi, shi ke fassara Faransancin.

Na ce ya aka yi ya sani?

Ashe giyar inabi suke yi a garinsu. A dafa ta sau biyu a tukunyar tagulla, a rufe a gangar katako har shekara arba'in. Da hanci yake gane wadda ta nuna. Wai abin da ya tsere daga gangar ya bi iska rabon mala'iku ne.

Na ce, "Isufu, gaya masa mala'iku ba sa shan giya. A'uzubillahi!"

Ya yi dariya har da tari. Ya ce wadda yake sayarwa kakansa ne ya zuba, wadda ya zuba bana kuwa 'yarsa za ta buɗe bayan ransa. Sai ya ce, "Kai wa ka koya wa?"

Tun ranar da ɗana Nasiru ya kira turarena kayan 'yan da a gaban abokansa 'yan boko, na rantse cewa da sirrin haɗin za a binne ni. Shekara huɗu ke nan.

Yau na ciyar da mutum goma, kaffarar rantsuwata, na kira Nasiru.

"Kai, ɗan boko, zo da biro da takarda. Ban huce ba fa."

"Na sani, Baba. Ga ni nan tafe."

Jama'a, akwai wanda mai giya ya taɓa yi wa wa'azi, ko ni kaɗai ne?