Wandon da nake kaiwa ƙofar midil

Ƙamshin sitacin rogo a ƙarƙashin dutsen guga mai gawayi, shi ke mayar da ni gidanmu na Zango. Ni ke goge kakin ƙanena. Shi aka sa a boko, ni aka bar ni da tallan koko. Haka ake yi lokacin, ban yi kuka ba.

Da ya shiga makarantar midil ta gwamnati, can wajen Asawase, kowa a gidan hayarmu yana da ra'ayi a kanta. Tsohon sojan da ke ɗakin ƙofa ya ce makaranta ce ta ƙwarai, tunda ana duka. Mma ta ce tana da kyau, yaro ya fara yanke farce ba a ce masa ba. Ƙanena kuwa ƙwallo da gangar fareti yake yabo, yana tsine wa noman lambun malamai, musamman da damina in ciyawa ta tashi.

Baba, mai fataucin goro, bai tambayi abin da ake koyarwa ba. Wando ya duba. Yaro ya balaga, ga shi yana ratsa Zango da gajeren kaki, gwiwa a waje, ta gaban dattawan da ke alwalar azahar. Wani ma ya yi wa Baba tsiya a masallaci, wai ɗan nasa ya zama ɗan sanda ne?

"Makarantar da ba ta san al'aura ba, me ta sani?" in ji Baba. "Daga gobe ya bi ni rumfa."

Ƙanena ya ƙi tuwo. Mma ta aika aka roƙi hedimasta a bar shi ya sa dogon wando, ya ce doka ɗaya ce ga kowa.

Ni na ce, "Baba, in ba a ga gwiwar a Zango ba fa?"

Ya daɗe yana tauna goro. "Ke za ki riƙa ɗaukar masa dogon wandon?"

Na ɗauka. Da safe ƙanena ya ɗora dogo a kan gajere, a bakin makaranta ya tuɓe ya ba ni, in naɗe ƙarƙashin gammona. In an kusa tashi in koma. A gindin mangwaron ƙofa nake jira, ruwa ko rana, ina jin su ta taga suna rera lissafi. Abokansa na kirana mai wando. Ɗaya na mara, sauran suka daina.

Ƙanena ya gama, ya samu aikin reluwe, ya riga ni gidan gaskiya.

Yanzu jikokina mata duk suna makaranta, iyayensu na gardamar wacce ta fi cin jarrabawa. Ni ba wanda ya taɓa tambayata yadda tamu midil take. Tana da kyau. Daga waje ma ana ji.