Mai Dashe da Saiwar Wiwin Wanke Ƙasa

Haihuwa da Tasowa

An haifi marigayin da jama'a suka fi sani da Mai Dashe a shekarar 1951, a wani gari na bakin kogi, cikin gidan da ke bayan tashar jirgin ƙasa. Mahaifinsa mai gyaran famfo ne, mahaifiyarsa kuwa tana sayar da irin shuka da saiwoyin magani a ƙofar gida, kuma shi ne na huɗu cikin 'ya'ya bakwai. A hannunta ya koyi bambance tsiro da tsiro tun kafin ya iya ƙirge, kuma daga bakinta ya riƙe cewa duk mai neman maganin wani tsiro, a saiwarsa zai nema, ba a ganye ba.

Karatu

An sa shi makarantar firamare a shekarar 1958, amma bai wuce aji huɗu ba sakamakon rasuwar mahaifinsa. Ya fita yana iya karanta lambobi da rubuta wasiƙa da Hausa, Turancinsa kuwa bai haura na gaisuwa ba har ƙarshen rayuwarsa.

Aiki

A shekarar 1970 aka ɗauke shi lebura a lambun gwaji na wata cibiyar binciken ƙasa da tsirrai, inda ya yi shekara arba'in da uku a ƙarƙashin rumfa ɗaya mai rufin kwano, tsakanin tukwanen reno da tulin taki. A nan ya sami laƙabinsa, domin an shaida cewa abin da ya dasa ba ya yin yaushi, ko da a tsakiyar zafi ne. Mutum ne mai amana da ƙarancin magana, wanda ko sigari bai taɓa kai wa bakinsa ba.

Aure da Zuri'a

A shekarar 1976 ya auri 'yar maƙwabcinsu, wata tela wadda daga baya unguwa duka ke kira Inna Tela. Kekenta na ɗinki yana bakin tagar ɗakinsu, kuma da shi ta ɗinka wa 'ya'yansu biyar kayan makaranta. Mace ce mai barkwanci. Takan tare shi a ƙofa idan ya dawo ta ce, "Malam, yau ma ka kwaso mana rabin lambun a farcenka? Sai mu shuka albasa a hannun naka mu huta." Daga wajejen shekarar 2005 ciwon gwiwa da na gaɓoɓi ya kama ta, har taka keke ya soma yi mata wuya.

Aikin Wanke Ƙasa

A shekarar 2009 cibiyar ta sami izinin hukuma ta yi gwajin noman wiwi a wani fili da ke gefen gari, inda aka daɗe ana narka tsofaffin batura, har ƙasar wurin ta cika da dalma da wasu ƙarafa masu guba. Manufar ita ce tsiron ya zuƙe waɗannan ƙarafa ya tara su a jikinsa, sannan a tumɓuke shi a kawar. Shugabar aikin, wadda leburori ke kira Likitar Ƙasa, ta yi dogon bayani da Turanci a ranar farko, sai shugaban lebura ya taƙaita musu shi a jimla guda: "Ta ce wannan abin wanke ƙasa yake yi, ya fitar da duk dattin da ke cikinta." Babu wanda ya tambayi inda dattin yake zuwa.

Mai Dashe aka damƙa wa renon. Abokan aikinsa suka sa shi gaba da tsokana, suna kiransa limamin 'yan wiwi, shi kuwa yakan ce musu, "Ni dashe aka sa ni, ba busawa ba." Filin na da shingen waya da mai gadi, kuma duk ganyen da aka girbe sai an auna shi an kulle a duro da kwaɗo. A fahimtarsa, saboda 'yan shaye-shaye aka yi wannan kulle. Saiwar kuwa, da yake ba ta cikin abin da jami'an tsaro ke ƙirgawa, a jikin waya ake jibge ta kafin a zo a kwashe.

A nan ya yi tunanin da ya zama sanadin komai: abin da ya iya wanke ƙasar da ko ciyawa ba ta fita a cikinta, ai ba zai kasa wanke gwiwar mace ba. Ya nemi izinin ɗibar saiwar a wurin shugaban lebura, wanda ya ce masa, "Kwashi mana, Malam, ai ka rage mana aiki." Ya riƙa shanya saiwar a kan rufin ɗakin girki, ya daka, ya tankaɗe, ya zuba cokali guda a ruwan ɗumi ya ba matarsa kowace safiya. Da yake tana ƙin ɗacinsa, sai ya riƙa shan rabin kofin a gabanta, tana ce masa, "To, in mutuwa ce ma ka riga ni." Haka suka yi shekara huɗu.

A cikin waɗannan shekaru ciwon ciki ya addabe ta, jininta ya ragu, mantuwa ta shigo, sannan hannunta na dama ya saki daga wuyan hannu, har allura ta riƙa suɓuce mata. Duk lokacin da jikin ya ƙara tsanani, sai ya ɗauka dattin ne ke ƙin fita, ya ƙara yawan garin.

Bayyanar Al'amarin

A watan Yuni na shekarar 2013 babbar 'yarsu, ma'aikaciyar jinya, ta zo hutu, ta lura da wani shuɗin layi a dasashin mahaifiyarta, ta kai ta gwajin jini. Sakamakon ya nuna dalma mai yawan da likitan ya ce a masu aikin narka ƙarfe yake ganin irinsa. Aka bincika fentin ɗaki, aka bincika ruwan famfo da tukwane, ba a sami komai ba. A rana ta uku, cikin kyakkyawar niyya, marigayin ya ɗauko gwangwanin garin ya miƙa wa 'yarsa ya ce a ci gaba da ba ta a asibiti, kada a yanke mata. Ta tambaye shi, "Baba, wannan daga ina?" Ya gaya mata sunan filin. Nan take ta hana a sake ba mahaifiyarta garin.

Da aka kai wa cibiyar garin saiwar, Likitar Ƙasa da kanta ta auna shi, ta sake aunawa, sannan ta sa aka kira Mai Dashe. A wannan karon ta nemi mai fassara na gaske, aka bayyana masa cewa tsiron ba ya kashe dattin, ɗauka yake yi ya ajiye, kuma mafi yawan dalmar a saiwa take tsayawa. An ruwaito cewa ya ce, "Wato abin da aka share daga ƙasa, shi nake ɗura mata da hannuna?"

Ƙarshen Rayuwa

A ranar ya bi gidaje huɗu na maƙwabtan da ya taɓa ɗiba wa garin, ya karɓo ragowar, ya raka su gwaji ɗaya bayan ɗaya. Bai ɗora wa kowa laifi ba. Abu ɗaya ya roƙa, aka kuma yi masa: a kafa allo a bakin filin, a rubuta da harshen da leburori ke ji cewa ganye da kara da saiwa duka guba ne. Ya ajiye aiki a ƙarshen shekarar, ya koma jinyar matarsa, shi ne wanka, shi ne ba ta abinci a baki. An yi mata maganin fitar da dalma, jininta ya gyaru, amma hannun bai dawo ba, tunaninta kuma ya ci gaba da raguwa. A shekarar 2016 aka gano ƙodarsa ta lalace, aka ɗora shi a kan wankin ƙoda sau biyu a mako. Da likita ya faɗa masa sunan aikin, sai ya ce, "Likita, kafin ku fara, ku gaya mini inda dattin yake zuwa."

Rasuwa

Allah ya yi masa rasuwa ranar Talata, a watan Maris na shekarar 2019, bayan la'asar, yana da shekara sittin da takwas. An yi jana'izarsa washegari da safe, aka binne shi a maƙabartar da ke bayan tashar, tsofaffin abokan aikinsa ne suka ɗauki makarar. Ya bar 'ya'ya biyar: babbar, ma'aikaciyar jinya; mai bi mata, direban babbar mota; tagwaye maza, ɗaya malamin makaranta ɗaya kafinta; sai autarsu, wadda ta gaji keken ɗinki; da kuma jikoki goma sha huɗu. Ya bar matarsa a raye, a gidan babbar 'yarsu. Sau uku aka sanar da ita rasuwarsa, kowane karo tana kuka kamar ranar ta fara ji, daga nan 'ya'yan suka yanke shawarar ba za a sake faɗa mata ba. Idan ta tambaye shi yanzu, sai a ce mata yana lambu. Allah ya jiƙansa da rahama.